Talatar da Ba a Kai Najiba Ba

…ai Talata ta ce. Ba Laraba ba, ba bayan arba'in ba. Talata. Mahadi yana tashi daga benci, yana komawa, yana sake tashi. Barandar asibitin nan ba ta da tsawo — taku goma sha ɗaya zuwa ƙofar ɗakin da aka shigar da ƙanwarsa, goma sha ɗaya dawowa. Rana ta take tsaka, riga ta manne masa a baya. Najiba tana ciki, an sa mata robar numfashi a hanci. Kwana goma sha tara da haihuwa. Goma sha tara kacal…

Katin yana aljihunsa. Ya yi laushi da gumi.

"Kai ne brodanta? To, ji da kyau. Jininta ya hau. Ranar Talata a dawo da ita mu auna, bebi ma mu auna. Kanwa kuma, kar in ji labari." Sista Lucy ke nan, nas ɗin da ta karɓi haihuwar, ranar da aka sallame su. Shi ta miƙa wa katin. Ba Inna ba, shi. Don me? Don takalmin Legas? Don ya gyaɗa kai kamar wanda ya san abin da yake yi?

Shekara bakwai yana Legas. Baba ya rasu, Mahadi saƙo kawai ya turo. An yi auren Najiba, a waya ya ga hoton. Da ya dawo unguwarsu ta Sarkin Dawaki da jaka ɗaya, ya shirya wa faɗa, ya shirya wa kuka — Inna ta ɗago kai kawai ta ce, "Ka ci abinci?" Da ma ta mare shi. Wallahi da ma ta mare shi.

Wani yana tura keken marasa lafiya, ƙafa ɗaya tana ƙara. Ba Najiba ba ce. Ba ita…

Talata ta zo, ya fito da katin a tsakar gida. Inna ko kallonsa ba ta yi ba, tana fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka. "Mai jego ta fita kafin arba'in? Ku shida na haifa, da ruwan zafin nan da kunun nan na tashi. Mu a Zariya haka muka tarar." Me ya ce? Me ya ce, shi mai karatu, shi da ya ga duniya? "To, Inna." Shi ke nan. Wa ya isa ya yi shekara bakwai bai leƙo ba, sannan ya dawo yana koya wa uwarsa jego?

Kuma bai tsaya nan ba. Nan ne abin yake ci masa rai. Shi ya je kasuwa. Shi ya zaɓi kanwar, ja, mai kyau, har yana ciniki yana dariya. Shi ya ɗoro itace a keke. Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka" — karo na farko tun dawowarsa — ya ji wani sanyi har cikin ƙashinsa. Albarkar yake nema. Ita yake ta bi, ba lafiyar kowa ba…

Taku goma sha ɗaya. Warin magani. Lambar Abdulmuttalib, mijin, har yanzu ba ta shiga. Yana can hanyar Gembu da kaya, bai san komai ba. Idan ta shiga fa, ya ce masa me?

"Yaya, dubi, kamar tuwo." Najiba tana danna yatsa a ƙafarta, ramin ya zauna, bai ciko ba, tana dariya. Shi ma ya yi dariyar. Ya yi! Matashi uku a bayanta, a zaune take barci don in ta kwanta numfashi ya ƙi. Sanyi ne ya shige ta, in ji Inna, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ya gani da idonsa. Katin yana aljihu, Talata ta biyu ta wuce… Sai yau da safe, ƙarar bokiti a banɗaki, da muryar Inna tana kiran sunan Najiba yadda bai taɓa jin ta kira ba.

Zuciyar ta gaji, likita ya ce, ruwa ya taru a huhu. Zuciyar 'yar shekara ashirin da biyu — ta gaji da me? Da ɗazu Sista Lucy ta wuce, ta gan shi, ta gane shi. Ta dubi aljihunsa kawai, ko shi ne yake ganin haka?

Ga Inna can a ƙarshen benci, Fadila, 'yar Najiba, a cinyarta cikin zane. Jaririyar ma ba a auna ta ba. Nawa take? Ta ƙaru, ta ragu? Babu wanda ya sani, layukan katin duk fari ne. Bakin Inna yana motsi da addu'a. Ta tsufa. Yaushe ta tsufa haka? Ba mugunta ba ce, Allah ya sani, abin da aka yi mata shi take yi wa 'yarta…

Tana laluben jaka. Tana ciro filas. Tana miƙo masa.

"Ungo. In sun bar ka ka shiga, ka ba ta. Tun safe ba ta sha ba."

Kunun ne. Yana jin ƙamshin kanwar ta murfin. Kanwarsa. Hannunsa ya riga ya karɓa kafin ya yi tunani — kullum haka, hannun yana riga shi. Yanzu ne zai faɗa. Inna, wannan ne… Inna, nas ta ce… Inna, ni na… Idanunta suna kansa, jajaye, suna jiran "to".

Ƙofar tana buɗewa. Taku goma sha ɗaya. Filas ɗin yana da ɗumi a tafinsa, katin yana aljihu, shi kuwa bakinsa a buɗe, babu abin da ya fito tukuna…