Amshin Yelwa

Yelwa maƙwabciyata ce a nan Wudil, katanga ɗaya ta raba mu. Da ƙuruciya ita ce babbar 'yar amshin Auta, zabiyar ƙauyen Dagumawa mai kiɗan ƙwarya. Auta ta ba da waƙa, Yelwa ta karɓa, haka suka yi ta zaga gidajen biki har furfura ta soma leƙowa. Sai wata rana Auta ta ce, a gaban mata, muryar Yelwa ta tsufa, ta koma baya. Yelwa ta ɗauki mayafinta. Tun ranar ba ta ƙara taka Dagumawa ba.

Bana aka aiko cewa Auta na kwance, jiki ya yi tsanani. Na ce, "Yaya Yelwa, mu je dubiya mana."

Ta ce, "Laraba, addu'a daga nan ma tana isa."

Wata Asabar da hantsi jikar Yelwa, Khaulat, mai karatu a jami'a, ta kunna mana fim a kwamfuta, labarin rayuwar wata mawaƙiya. Muna ɓarar gyaɗa muna kallo, Yelwa sai tsiya take yi.

"Wannan ce mawaƙiyar? Ji baki kamar ta sha manja."

"Kishi dai, Kaka," in ji Khaulat.

"Da wa? Ke ma da kike yarinya ban yi da ke ba."

Can wajen ƙarshe mawaƙiyar ta tsufa, jama'arta duk sun watse. Aka nuno ta ita kaɗai a tsakar gida. Ta ba da waƙa, ta dakata daidai inda amshi ke shiga. Shiru. Ta sake bayarwa, ta dakata. Sai na ji an karɓa a gefena, hannun Yelwa na cikin gyaɗa.

Khaulat ta yi dariya. "Kaka, ba ta jin ki fa."

"Na sani, 'yar nan. Amma ba a barin waƙa a rataye. Ko wa ya bayar, karɓa ake yi."

Ta daɗe tana kallon kwamfutar bayan fim ya ƙare. Ta ce masu shirya shi ba su da tausayi, ko mutum ɗaya ai sa bar wa baiwar Allah. Sannan ta kakkaɓe zani.

"Laraba, ɗauko mayafinki."

Muka tari adaidaita. Mun sami Auta kan tabarma, ta rame ƙwarai. Bayan an gama gaisuwa da ya jiki, ta ƙura wa Yelwa ido.

"Mai tsohuwar murya ce?"

"Ita ce. Na ji taki ma ta biyo sahu."

Auta ta lumshe ido. Can ƙasa-ƙasa, da ƙyar, ta ce, "Ruwa ya kawo, mai fito..."

Ta dakata.

Yelwa ta gyara zama. "A hankali, mai fito, a hankali."

Muryar kam ta tsufa, Auta ba ta yi ƙarya ba. Amma ta faɗa daidai gurbinta. Auta ta ja numfashi, ta sake bayarwa.