Albasar Selby Heslop

Da na karɓi makullin nan ranar da Selby Heslop ya miƙo mini shi, da ya ƙara kwana a duniya, ko kuwa da ya riga tafiya? Na juya tambayar nan ta kowane gefe, har yau ban sami inda zan kama ta ba.

Ranar ina durƙushe a gindin shingen da ya raba lambuna da nasa, ina ɗaure wayar da iska ta tsinka, sai na ji tarinsa. Duk wanda ya yi aiki a ramin kwal ya san irin wannan tari, mai tasowa daga can ƙasan ƙirji kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Ya dafa shingen har tarin ya lafa, ya tofar, ya sa takalmi ya tura ƙasa a kai don kada in gani. Amma na riga na gani, akwai ja a ciki.

"Wilf, ungo," ya ce.

Ɗan makullin kwaɗo ne, an zura masa igiyar takalmi.

"Na ina ne?"

"Na fadar sarauniya. Na ina kuwa? Na ɗakin gilashi mana."

Na miƙe tsaye, ban miƙa hannu ba. Lambunanmu suna bayan tsohon layin dogo, filin hukumar gari ne da aka yanka wa kowa nasa. Kowa da rumfarsa ta tsofaffin ƙyamare, mai hali kuma ya kafa ɗakin gilashi. Selby ya haɗa nasa da tagogin tsohuwar makarantar da aka rushe, kuma tun da nake maƙwabtaka da shi ban ga mahalukin da ya taka ciki ba sai shi da karensa Nip. A ciki yake renon albasar gasa. Irin na mahaifinsa ne, kowace shekara yana ware mafi girma ya bar ta ta yi fure ya tara ƙwayar. Washegarin Kirsimeti yake shukawa, ya kunna rishon kananzir don ɗumi, ba ya kashe shi sai sanyi ya wuce. In watan Satumba ya zo aka jera albasa a kulob ɗin ma'aikata, tasa takan kai kan jariri.

"Likita ya ce in na ci gaba da shaƙar sanyin safiya sai dai a kwashe ni," ya ce. "'Yata Glenda kuma ta hana ni sakat. Karɓi, ka riƙa duba wa 'yan albasar nan wuta, ka ba su ruwa kaɗan-kaɗan. In dai na sami mai kula da su, ni kam na gama nawa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Na daɗe a garin nan, na ga yadda tsofaffin ma'aikatan rami suke tafiya. Ba cutar ce take fara kayar da su ba. Mutum yakan raba tattabarunsa, ko ya mayar da lambunsa, ya koma kujerar gaban talabijin, kafin ganye ya sake tohowa sai ka ji an ce a zo coci jana'izarsa ranar Alhamis. Selby matarsa ta rasu, ramin an rufe shi. Abin da yake fito da shi daga gado kullum shi ne 'yan tsiron nan masu kama da gashin jariri.

"Ba zan karɓa ba," na ce. "Hannuna ba na albasa ba ne. Dubi kabejina, ko tsutsa raina shi take yi."

"Kai da ka cinye littattafan duniya a cikin rumfar nan, kunna risho ne ya gagare ka?"

Tot Dodds, mai lambun da ke ƙetaren hanya, ashe yana jinmu. Shekara da shekaru yana zuwa na biyu a gasar. Ya leƙo da kansa ta saman tulin takinsa.

"Ba ni ni, tsoho! Zan riƙe maka su kamar 'ya'yana."

"Na ga yadda 'ya'yan naka suka fito," in ji Selby. "Gara in ba akuya."

Dodds ya tuntsire da dariya. Selby ma ya fara, tari ya ƙwace dariyar. Ya mayar da makullin aljihu, ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa sama a ga ko za a yi ruwa. Ya kira karensa suka shige.

Kwana kaɗan bayan haka Glenda ta same ni a rumfata. Ita kaɗai ce 'yarsa, tana dafa abinci a makarantar firamare, ta zo da rigar aikin a ƙarƙashin kwat. Na ɗora buta, ta ce ba shayi ya kawo ta ba.

"Kawu Wilf, da gaske Baba ya ba ka ka ƙi?"

"Da gaske ne."

"Ka san jiya sau nawa ya tsaya a hanya kafin ya iso nan? Ya zauna a katangar mutane kamar mai bara. Saboda albasa! Wadda ko ci ba a yi, sai a jera ta a kan tebur a yi ta kallo."

"'Yar nan, in na karɓa, me zai tashe shi da safe?"

"Ni zan tashe shi. Jikokinsa za su tashe shi. Mu ba mutane ba ne?"

Na ce mata na ga abin da yake faruwa da waɗanda suka saki.

"Kai dai ka zauna kana tunani," ta ce. "Kullum tunani. Shi kuma huhunsa yana ƙarewa a cikin sanyi. In wani abu ya same shi a wurin nan, kada ka zo mini da maganganun littafi."

Ta ja ƙyauren da ƙarfi har gwangwanin ƙusoshi ya faɗo daga kanta.

A tsakiyar Janairu sanyi ya sauko irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Famfon lambuna ya daskare. Ƙasa ta yi tauri, in ka soka cebur sai ya yi ƙara kamar ka bugi ƙarfe. Da safe akan tsinci tsuntsaye a gindin shinge, ƙafafunsu a sama. Masu ɗakin gilashi duk hankalinsu ya tashi, kowa na neman ledar da zai lulluɓe gilashinsa ta ciki. Na taya Dodds manna tasa. Selby bai nemi taimakon kowa ba. Ta cikin gilashi nake hango inuwarsa, ya ɗaga hannu ya manna, ya sauke ya huta, ya sake ɗagawa.

Wata la'asar na lura ƙaramar tagar rufin ɗakinsa, wadda ake bari a buɗe don hayaƙin risho ya sami mafita, an ja ta an rufe, an cusa tsofaffin safa a gefunanta. Na jira shi ya fito.

"Selby, ka bar wa rishon nan hanyar numfashi, hayaƙinsa kisa yake yi."

"Dodds ma ya toshe tasa. Je ka yi masa wa'azi."

"Dodds ba ya zama a ciki. Kai kuwa har kujera gare ka."

Ya tsaya yana kulle kwaɗon, sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin ya kama.

"Mutumina," ya ce, "na yi rabin rayuwata a ƙarƙashin ƙasa. Na fito da mutane a kafaɗata daga inda iska ta lalace. Kai za ka koya mini iska?"

"To tunda ka sani."

"Na sani."

Ya faɗe ta a hankali. Na so in ce masa ya kawo makullin. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna da "na gama nawa", na haɗiye ta. Ya tafi yana jan ƙafa, karen yana waiwayensa yana jira.

Ranar Asabar ya zo da hantsi, ba tare da Nip ba. Ban taɓa ganin haka ba.

"Ina ɗan rakiyarka?" na tambaye shi ta saman shinge.

"Na bar shi wurin Glenda. Sanyi yana fasa masa tafin ƙafa."

Yana rungume da ƙananan tukwanen roba, ya ce yau zai raba tsiron, kowanne ya koma tukunyarsa, sun fara matse juna. Ya shiga ya ja ƙofa. Na koma rumfata ina wasa almakashin shinge, aikin da ba gaggawa a cikinsa. Can ina cikin yi sai na tsaya, ban san abin da ya tsayar da ni ba. Na saurara. Ba motsi a lambunan sai hankaka a can wajen layin dogo. Sannan na gane: na daɗe ban ji tari ba.

Na fita. Gilashin ɗakinsa duk ya yi gumi ta ciki, ruwa yana gangarowa a jikin leda, ba a ganin komai sai wani haske ja-ja a ƙasa.

"Selby!"

Na tsallake shingen, abin da ban taɓa yi ba. Na tura ƙofar ta ƙi buɗewa, an shimfiɗa tsohon bargo a ƙasanta ta ciki ya cije. Na ƙwala wa Dodds kira. Ya rugo da cebur a hannu, bai tambayi komai ba, ya kai wa gilashin gefe duka, ya yage ledar. Iskar da ta fito ɗumi gare ta, mai nauyi, da warin kananzir. Muka banke ƙofar da kafaɗa.

Yana zaune a kujerarsa, kansa ya karkata, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya. Fuskarsa ta yi kyau, ta yi ja kamar ta mai lafiya, rabon da in gan ta haka tun muna samari. A kan benci ya raba rabin tsiron, an jera su a sababbin tukwane, an danna ƙasar kowanne da babban yatsa. Sauran rabin suna cikin tire. Tsiro ɗaya yana kan cinyarsa, saiwarsa fara a waje.

Muka fito da shi muka kwantar a kan daskararriyar ƙasa. Dodds ya yi ta danna masa ƙirji yana cewa, "Tashi mana, tsohon banza, tashi ka zage ni." Da motar asibiti ta iso, ma'aikatan ba su yi sauri ba, sun ga ya riga ya cika.

'Yan sanda sun zo, sun kashe rishon, sun yi tambayoyinsu, sun kulle kwaɗon duk da ga gilashi a fashe, suka tafi da makullin su kai wa Glenda. Dodds ya zauna a kan bokitin da ya kife, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Kuskure ne," ya ce. "Kowa ya toshe tagarsa makon nan. Ka ga ai yana tsakiyar aiki. Wa zai bar albasa rabi da rabi?"

"Bai zo da karen ba," na ce.

"Sanyi ne, ya faɗa maka da bakinsa."

"Ya faɗa mini."

"To ka bar shi haka, Wilf. Don Allah ka bar shi haka."

Rana ta fara yin ƙasa, a watan nan ba ta daɗewa. Kowa ya watse, ni na kasa tafiya gida. Ina tsaye a bakin rumfata na hango Glenda tana tahowa ta tsakanin lambuna, Nip yana jan ta da igiya. Idanunta sun kumbura. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa, don tana da hakkin faɗa.

Ta tsaya tana kallon ramin da cebur ya yi a gilashin.

"An ce daren yau zai fi na jiya sanyi," ta ce.

"Haka aka ce."

"'Yan tsiron za su kai safe?"

"Da wannan ramin, ba wuta? Ba za su kai ba."

Karen ya je ƙofar ɗakin yana shinshina ƙasanta, yana kaɗa wutsiya.

"Na tsane su," ta ce. "Wallahi na tsane su. Na taho ne da niyyar in tsaya in ga sun mutu." Ta goge hanci da bayan hannu. "Da safe da ya kawo karen, ya ce mini in ya gama raba su zai zo mu ci abincin rana. Har na ajiye masa nasa. Kawu, kana ganin..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taya ta ba. Ta sa hannu a aljihun kwat ta fito da makullin, igiyar takalmin tana reto. Ba ta ce ungo ba. Ta dai riƙe shi a tsakaninmu.

Na karɓa.

Na nemo kwali da ragowar ledar Dodds na toshe inda ya fashe. Na taka kan benci na zare safan nan ɗaya bayan ɗaya, na tura tagar rufin ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Na gyara lagwanin rishon na kunna, na jira har wutar ta daina ja ta koma shuɗiya. Kujerar na fitar da ita waje.

Glenda tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Tsiron da ke kan cinyarsa ya faɗi ƙasa lokacin da muka ɗaga shi, na same shi a gefen ƙafar benci, ya yi laushi amma bai karye ba. Na cika tukunya da ƙasa, na huda rami da fensir, na saka saiwar a hankali, na danna gefen da babban yatsa. Sannan na jawo tiren na ci gaba daga inda ya tsaya, karen yana kwance a kan takalmina.