Akwalar Safiyo

Maman 'Yan Biyu tana cikin laluben ɗayan takalminta a ƙarƙashin keken ɗinki ta ji motar ta yi tari sau biyu ta tashi. Ta yafa mayafi, ta suri jaka, ta fito tana ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya, bakinta na mita kamar kullum.

"Mutum ba zai bari a gama shiri ba? Sai ka ce jirgi ne zai tashi ya bar mu!"

Mijinta ya leƙo ta tagar mota. Shekararsa shida da barin aikin awon ƙasa, amma har yau duk layin Safiyo suke kiransa.

"Yi zamanki," in ji shi. "Bakanike Sai Gobe ya gyara giyar jiya. Zan ɗan zagaya ne in gwada ta kafin mai saye ya zo."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai mana. Ba abin da kike so ke nan ba?"

Ya ja ya tafi, ya bar ta a bakin get cikin hayaƙin salansa, da jakarta a hannu.

Motar tsohuwar jif ce irin ta shiga daji, koriya, mai rufin tamfol, ta girmi 'yan biyun nasu nesa ba kusa ba. Safiyo ya saye ta ne a gwanjo lokacin da ofishinsu ya sallami tsofaffin motoci. Shi Giwa yake kiranta, matarsa kuwa Akwala. Mai dai tana shansa kamar ba gobe, kayan gyaranta kuma sai an yi cigiya gari-gari. Sitiyarinta ya yi nauyin da sai da hannu biyu ake juya shi. Babbar matsalar ita ce giya ta biyu, wadda da an fara hawan tudu ko an shiga gargada sai ta fice da kanta, motar ta tsaya tana kururuwa a banza. Dole sai wani ya zauna a gefen direba ya danne sandar giyar. Shekara goma sha tara ke nan wannan wanin Maman 'Yan Biyu ce. Kasuwa, asibiti, gaisuwa, ko sayen ƙusa Safiyo zai je, sai ta ajiye ɗinkinta ta bi shi. Har kanta ta fito mata a tafin hannun hagu, kuma babu wanda bai ga kantar nan ba a cikin dangi.

Daminar bara ce abin ya kai mata iya wuya. Rufin ɗakin ɗinki ya yi yoyo a kan yadin mutane, a makon da Akwala ta cinye kuɗin da aka ware wa kafinta. Ta ƙeƙasa ƙasa ta ce a sayar, a gyara rufi, a sayi 'yar ƙaramar mota irin ta mutane masu hankali. Safiyo ya yi ta kwana-kwana har wata bakwai, daga baya ya sakko. An sami mai saye, wanda ya ce a gyara giya kawai, zai zo yau da ƙarfe huɗu ya ɗauka.

To ga shi ta yi nasara. Ta koma ciki ta zauna a kan keke, tana jiran daɗin ya zo. Bai zo ba. Ta ɗinke aljihun wandon wani ruf, ta farke, ta sake ɗinke shi ruf. Ta yi tsaki ta ture wandon.

Gaskiyar magana, Safiyo a gida ba mutum ba ne mai magana. Daga "sannu" sai "an gode", sai ya shige bayan jarida. Amma da ya kama sitiyari sai ka rantse an canja shi. Injin na ihu, shi ma yana ihu a kan injin, yana ba ta labarin kogin da ya tsallaka da Giwa, da ogan da ya faɗa rami yana nuna wa mutane hanya. A cikin motar nan suka zaɓa wa 'yan biyu makaranta. A cikinta ya fara yin kukan rasuwar mahaifiyarsa, mako guda bayan an binne ta, ita kuma ta rasa hannun da za ta dafa shi don tana riƙe da giya. Ƙaramar mota mai lafiya kuwa, me zai sa ya ce ta raka shi sayen ƙusa?

Wajen sha ɗaya babur ya tsaya a waje. Bakaniken ne, wanda ya sami sunan Sai Gobe don bai taɓa ba kowa mota a ranar da ya yi alkawari ba. Ya shigo da wani baƙin ƙarfe naɗe a jarida.

"Mama, ga tsohon da na cire. Baba ya ce in kawo masa kada in yar."

"Ajiye can. Kai kuma a ina ka samo sabon? Shekara da shekaru ana ce mini babu shi a duniya."

Sai Gobe ya yi dariya. "Samowa? Ai yana cikin akwatina shekara goma sha ɗaya. Baba ne ya kawo shi sabo fil a kwalinsa ya ce in ajiye. Duk sanda na ce a saka, sai ya ce ba yanzu ba. Wallahi Mama, ni ake yi wa suna, amma ainihin sai gobe yana gidan nan."

Ta cire tabarau ta kalle shi. "Shekara nawa ka ce?"

Nan ya sha jinin jikinsa. Ya sosa ƙeya, ya ce ya bar wani aiki a gareji, ya yi waje har yana tuntuɓe da tsintsiya.

Ta buɗe tafin hannunta na hagu ta kalli kantar. Da farko ranta ya ɓaci. Shekara goma sha ɗaya! Ita da ke zuwa gidan mutane tana warin fetur! Sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta share hawaye da gefen mayafi. "Kai, wannan tsoho," ta ce wa keken ɗinki. "Wannan munafukin tsoho."

Da Safiyo ya dawo ba ta tayar masa da maganar ba.

"Yaya Akwala?"

"Lafiya lau. Ko gezau giyar ba ta yi ba," ya faɗa, kamar mai sanar da rasuwa.

Ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke motar tas, har cikin tayoyi. Sannan ya fara kwashe kaya daga aljihun gaba, kuma kusan duk nata ne: allurai a jikin kwali, tsohon tef ɗin awo, man shafawa, wani ɗan kunne da ta yi shekara uku tana zargin maƙwabciya a kansa. A ƙarshe ya cire 'yar hular da ta ɗinka wa kan sandar giya da ƙyallen atamfa, saboda ƙarfen na zafi da rana. Ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba.

"Ungo. Kin huta."

Ta karɓa ta cusa a jaka.

Ƙarfe huɗu daidai mai saye ya iso cikin wata mota mai sheƙi da ko ƙararta ba a ji. Matashi ne mai ladabi, da farin takalmi ƙal. Ya gaishe su har da rusunawa, sannan ya shiga zagaya Giwa yana ɗaukar ta hoto da waya, bakinsa har kunne.

Maman 'Yan Biyu ta riga ta yanke shawara. Ba za ta janye maganarta a gaban mijinta ba, ina! Amma babu wanda ya hana ta faɗa wa baƙo gaskiya.

"Ɗana, ni ba na son cin haram. Motar nan mai take sha kamar rijiya."

"Haka suke, Mama. Injin asali ke nan."

"Tamfol ɗin nan yana yoyo. Ƙofar nan kuma sai an daka mata kafaɗa take buɗuwa."

"Kai! Har yanzu ƙofar kamfani ce? Ba a taɓa canja ta ba?"

"In an yi sanyi sai an tura ta. Kujerar nan tun ta gwanjo ce, ƙarfe na sukar mutum."

"Mama, kin san shekara nawa ina neman mai kujerar asali?" Ya ɗauki kujerar hoto ta gaba da ta baya.

Duk aibin da ta fito da shi sai yaron ya ƙara washe baki. Safiyo yana gefe yana kallonta, ya kasa gane inda ta dosa. Ta ji kamar ta cire takalmi ta jefi wani.

"To kai ina za ka riƙa zuwa da ita?" ta tambaya.

"Zuwa? A'a, Mama, irin wannan ai ba a wahalar da ita. Ina da ɗaki na musamman, akwai guda huɗu a ciki. Za a ɗaga ta a kan katako don kada tayoyi su lalace, a lulluɓe ta. In na yi baƙi sai a buɗe su gani."

Safiyo ya ɗora hannu a kan bonet ya bar shi a wurin.

Mai saye ya roƙi a ɗan zagaya da shi, Baba ya tuƙa, shi yana so ya saurari injin. Kafin ya kai ga ƙofar gaba Maman 'Yan Biyu ta riga ta daka mata kafaɗa ta shige ta zauna daram. Yaron ya hau baya, yana ɗage farin takalminsa daga tabarmar roba.

Suka bi layi, suka wuce masu kayan gini, suka karya kwana wajen tankin ruwa, inda hanya ke miƙewa sama cike da ramuka. Ta haɗa hannuwanta biyu a cinya, ta rasa yadda mutane ke yi da hannun hagu a cikin mota. Safiyo ya taka kuloci, ya saka giya ta biyu, motar ta fara hawa.

"Riƙe!" ya daka mata tsawa, kamar yadda yake yi a daidai wannan wurin shekara goma sha tara.

Hannunta ya riga kunnenta. Ta cafke sandar ta danne. Sai a lokacin dukansu suka tuna. Safiyo ya ƙura wa hanya ido ya ƙi waiwayowa.

"Baba, ba an gyara ba ne?" mai saye ya leƙo daga baya.

"An gyara," in ji Safiyo a hankali. "Bakina ne bai sani ba."

Ba ta cire hannun ba har suka kai ƙarshen tudun.

Da suka dawo ƙofar gida, yaron ya diro ya fito da waya. "Baba, ba ni lambar asusunka. Ko ragi ba zan nema ba."

Safiyo ya zare makullin, ya juya shi a hannu, ya miƙa wa yaron. Ita ta karɓe shi a tsakiya.

"Ɗana, ka yi haƙuri, mun ɓata maka lokaci. Ba ta sayarwa ba ce."

"Maman 'Yan Biyu," Safiyo ya ce ƙasa-ƙasa, "rufin fa?"

"Muna da baho uku da bokiti. Keken kuma yana da ƙafa, sai a matsar da shi."

Yaron ya ƙara kuɗi, ya sake ƙarawa, har sai da ta ji zuciyarta ta ɗan yi rawa, don rufin nan ba wasa ba ne. Ta dai girgiza kai. Ya ajiye katinsa a kan bonet, ya yi sallama cikin ladabi, ya tafi da ɗigon baƙin mai a kan farin takalminsa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ta shiga ta tattara yadin mutane cikin leda, ta ja keken zuwa lungu, ta jera bahon nan uku a wuraren da ta riga ta haddace. Da ta fito ta tarar da Safiyo a zaune a mota, bai tayar ba. Ta daka wa ƙofa kafaɗa ta shiga, ta miƙa masa makulli.

"Zare ya ƙare mini. Kai ni kasuwa kafin ruwa ya sauko."

"Ai zan iya sayo miki," ya ce, yana kallon sitiyari. "Giyar ba ta fita yanzu."

Ta zaro 'yar hular daga jaka, ta mayar da ita kan sandar, ta ɗaure igiyar tamau.

"Aikin Sai Gobe ne fa. Kuma da ƙarfen da ya shekara goma sha ɗaya a akwati. Ni ban yarda da shi ba."

Safiyo ya yi tsuru-tsuru. Ya gyara madubin da ba abin da ya same shi.

"Gaskiya ne," ya ce daga ƙarshe. "Gara a riƙa riƙewa."

Giwa ta yi tari sau biyu ta tashi. Ba su kai wurin masu kayan gini ba ya ɗaga murya a kan ihun injin.

"Na taɓa ba ki labarin ogan nan namu da ya faɗa rami?"

Ta ji shi ya fi sau talatin. Ta gyara zama a kan ƙarfen da ke sukar ta, ta ɗora hannu a kan giya.

"A'a," ta ce. "Wane ogan?"