Jirgin da Ke Tafiya Ranar Laraba

Jirgin ba ya inda Abdulganiyu ya bar shi.

Da safiyar Alhamis ya kunna kwamfutar, kofin shayi a hannu, ya tsaya yana kallon taswira har shayin ya huce. Ranar Talata da hannunsa ya jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a gaɓar Laberiya. Yau ga jirgin can mil ashirin da shida a gaba, an naɗe filafilai tsaf, an ajiye shi a wani lungu mai kwantaccen ruwa wanda shi kansa bai san da shi ba. Karo na uku ke nan. Kuma kullum ranar Laraba, ranar da yake wuni a shagonsa na Gashua.

Manhajar da jirgin yake ciki ta koyon tuƙin jirgin sama ce. Ya saye ta ne don huce takaicin burin da bai cika ba, tunda sana'ar sola ta riƙe shi a Nguru. Bara ya samo wani ƙari da ake dasawa a cikinta: jirgin ruwa irin na zamanin da, babu inji, dogayen turaku uku, kowanne da filafilai masu kusurwa huɗu rataye a jikin sanduna. Iska kaɗai ke tura shi, kuma iskar da ke kaɗawa a teku a ranar ita manhajar ke ɗaukowa. Tun daga nan Abdulganiyu bai sake tashi sama ba. Wata biyar ke nan yana jan jirgin daga Turai zuwa Legas, awa biyu yau, awa ɗaya gobe.

Makullin ɗakin soron da kwamfutar take ciki guda biyu ne. Ɗaya a aljihunsa. Ɗayan a hannun Hashim, saboda baturan solar gidan a ɗakin suke, shi ke duba su.

Hashim abokinsa ne tun firamare, mai gyaran wuta, kuma ladanin masallacin layinsu. Shi ne kuma ke neman auren Shuhada, ƙanwar Abdulganiyu, malamar lissafi a sakandaren 'yan mata. Tunda mahaifinsu ya rasu maganar ta dawo hannun Abdulganiyu, kuma Juma'a ta sama manyan Hashim za su zo a sa rana.

Ya same shi a ƙofar masallaci yana ɗaure wayar lasifika.

"Wa ke tuƙa min jirgi?"

Hashim bai ɗago ba. "Ina kwana ma babu, Gani?"

"Ina kwana. Wa ke tuƙa min jirgi?"

"Ni dai ban shiga ɗakin nan ba tun ranar da na canza maka wayar batir. Wallahi ban taɓa kwamfutarka ba."

"Makullin yana wajenka?"

Hashim ya ɗan yi jim. Daƙiƙa biyu ne, amma Abdulganiyu ya ƙirga su. "Amanarsa tana wuyana," in ji shi.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na ce maka ban shiga ba."

Abdulganiyu ya juya ya tafi. Ba jirgin ne ya dame shi ba, ko da yake shi ma ya dame shi. Rantsuwar ce. Mutumin da zai ce wallahi a ƙofar masallaci a kan wasan kwamfuta, me zai ce a kan abin da ya fi wannan? Kuma shi za a ɗauki Shuhada a danƙa wa? Kafin azahar ya buga wa Baba Yunusa, ƙanen mahaifinsu, ya ce a ɗan dakata da maganar Juma'a.

"Me ya faru?" tsohon ya tambaya.

"Zuwa Laraba zan faɗa maka, Baba."

A cikin gida ya tambayi Gogo, yayar mahaifinsu da ke riƙe da su, ko ta ga wani ya shiga soro. Ta ce ita da gwiwa ta hana ta zuwa ko bakin rijiya, soro kuma ina ruwanta. Shuhada tana gefe tana duba takardun ɗalibai da jan biro.

Sai ya shirya tarko.

A gaban jirgin akwai wani tsinin ƙasa mai duwatsu, inda iska ke bugowa daga teku tana tura komai gaɓa. Asabar, Lahadi da Litinin ya gwada wucewa. Sau uku yana juya goshin jirgin cikin iska, sau uku filafilan suna kifewa baya, jirgin ya tsaya cak, ruwa ya ja shi ya maka da dutse. Sau uku yana komawa inda ya ajiye. Ranar Talata ya kai jirgin bakin wurin ya jefa anka. Sannan ya kunna abin da bai taɓa kunnawa ba: taswirar da masu tuƙa irin wannan jirgi ke ganin juna a kai, wadda ake iya buɗewa a waya. Duk wanda ya ɗaga ankar nan gobe, daga Gashua zai gan shi.

Laraba ya wuni a shago rabin hankalinsa a kan waya. Ƙarfe sha biyu, ɗigon jirgin yana nan. Ƙarfe biyu, yana nan. Uku saura kwata wani manomi daga Katuzu ya shigo yana neman injin ban-ruwa mai amfani da rana, yana ta bayanin yadda rijiyar fadamarsa ke ja baya. Abdulganiyu ya leƙa wayar.

Ɗigon ya motsa.

"Alhaji, kana jina kuwa?"

"Ina jinka. Rijiya."

Ya kira lambar Hashim. Ta yi ta ƙara har ta yanke. Ya sake kira. Haka dai. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ina zai ɗauka, hannu yana kan sitiyari?

Amma ɗigon bai nufi tsinin ba. Sai ya miƙe cikin teku, yana nisa da gaɓa, kamar wanda ya ɓata hanya. Awa guda Abdulganiyu yana kallo. Ya sallami manomin, ya mance bai ba shi rasit ba. Ƙarfe huɗu saura biyar ya kira Usaini tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidansu, ya sa wayar a lasifika don kada taswirar ta ɓace masa.

"Wushe, sannunku mutanen Gashua," in ji Usaini, keken ɗinki yana ƙara a bayansa.

"Usaini, ka ga Hashim ya shiga gidanmu?"

"Gidanku? Yanzu?"

"Yanzu."

"Kai kunnenka ƙalau kuwa? Tsaya."

Keken ya yi shiru. Sai ga murya ta cika wayar, siririya, mai ja a ƙarshe, muryar da Abdulganiyu zai gane ko a cikin dubu. Hashim ne ke kiran la'asar.

A daidai lokacin, a kan taswira, jirgin ya fara juyawa.

Abdulganiyu ya san me juyin nan yake ci. Ba maɓalli ɗaya ba ne. Sai ka karkata sitiyari, ka ja sandunan turken baya, ka jira, ka ja na tsakiya, sannan na gaba, ɗaya bayan ɗaya, minti biyar cur hannunka bai huta ba. Ɗigon ya lanƙwasa a hankali, ya zagayo, ya kama sabuwar hanya, Hashim kuwa bai gama kiran salla ba.

"Ka ji shi?" in ji Usaini. "Ko in kai masa wayar cikin masallaci?"

"Bar shi."

Da ya kashe, maimakon ya ji sanyi sai wani sabon zargi ya taso masa. Ba Hashim ba ne. To ashe Hashim ya ba wani mutum makullin. Wani ƙato yana zaune a soron gidansu duk Laraba, ƙofa ɗaya tsakaninsa da Gogo da Shuhada, ladan kuma ya sani ya yi shiru. Wannan ya fi ƙaryar muni.

Ya yi salla, ya ja ƙofar shago, ya hau hanyar Nguru. A Jajimaji wata tirelar buhuna ta tare shi, ya sauka gefe ya wuce ta, direban yana ɗaga masa hannu. Duk inda ya sassauta sai ya leƙa wayar. Jirgin yana tafiya a miƙe, yana tunkarar tsinin ta wata kusurwa da bai taɓa tunani ba.

Biyar da rabi ya ajiye motar nesa da gida, ya taka da ƙafa. Ƙofar ɗakin soro a sakaye take, makulli a jiki. A bakin ƙofar akwai takalmi, ba na ƙato ba. Baƙi ne, ɗan ƙarami, da farar ƙurar alli a goshinsa.

Ya tura ƙofar.

Shuhada ce a kujerarsa, da hijabinta na makaranta, hannu ɗaya a sandar tuƙi. A gefenta littafin rubutu ne a buɗe, shafin cike da kusurwoyi da kibiyoyi da jan biro. A allon kwamfuta filafilan sun cika fam, farin kumfa yana fashewa a kan duwatsu ta hannun hagu.

"Yaya, kada ka yi magana," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Saura kaɗan."

Ya tsaya a bayanta yana kallon duwatsun da suka ci shi sau uku suna ja baya, suna ja baya, har suka koma bayan jirgin. Teku ta buɗe. Ta sauke numfashi, ta saki sandar.

"Kai da goshi kake son shiga iska," ta ce. "Wannan jirgin ba ya yarda. Sai ka fita can nesa, ka juya masa baya. Za ka yi asarar hanya, amma ba zai tsaya ba."

"Wa ya ba ki makulli?"

"Ni na karɓa a hannun Hashim."

"Ya rantse min."

"Ya rantse bai shiga ba, kuma bai shiga ba. Na ce kada ya faɗa maka. Ya ce ba zai faɗa ba, amma ba zai yi maka ƙarya ba. Kwana shida ke nan yana roƙona in gaya maka, har ya rame."

"Me ya hana ki?"

Ta nuna allon da haɓa. "Ina so in wuce nan tukun. Da na faɗa, da ka canza kwaɗo."

"Ai da sai ki tambaye ni."

"Na tambaye ka. Satin da ka kawo shi. Ka ce wannan ba lissafin allo ba ne."

Ya tuna. Har dariya ya yi a lokacin, Gogo ma ta taya shi. Ya ɗauki littafin ya juya shafukan. Kowace Laraba da shafinta, da ƙarfin iska, da lokacin tashi. A shafin Litinin, da ƙaramin rubutu, an sa: Yaya ya sake bugawa da dutse.

"Kin san na sa Baba Yunusa ya dakatar da Juma'a?"

Wannan karon ta waiwayo. "Saboda jirgi?"

"Saboda rantsuwa."

"To, ka ji yadda rantsuwar take."

Sannan ya ciro waya ya kira tsohon, ya ce Juma'a tana nan, a sanar da mutane. Baba Yunusa ya tambayi me ya faru tun farko. Ya ce wani jirgi ne ya ɓata, an kuma gan shi. Tsohon ya ce Allah ya shirya 'ya'yan zamani, ya kashe.

Bayan magariba ya tsaya a ƙofar masallaci har Hashim ya gama naɗe tabarmi. Ya miƙa masa makullin. Hashim ya dubi makullin, ya dube shi, bai karɓa nan da nan ba.

"Ta faɗa maka?"

"Na kama ta. Karɓi." Ya riƙe ƙarshen makullin bai saki ba. "Yanzu ka dube ni. Saura me ban sani ba?"

Hashim ya sake yin jim ɗin nan na daƙiƙa biyu.

"Faɗi."

"Ta ce in na samu fuska in roƙe ka, ka daina taɓa jirgin ranar Talata. Wai kullum sai ta yi awa guda tana gyara inda ka ajiye shi."