Koriyar Motar Ishawu

Ishawu ɗan yayata Suweiba ne, amma ni na riƙe shi. Ubansa, Malam Gariba, ya rasu a Kumasi lokacin Ishawu yana ɗan shekara tara, kuma da tafiyata New York ta tashi sai na taho da shi. A ɗakina na unguwar Mount Hope, a Bronx, ya girma. Da ya gama makaranta ya sami aiki a filin jirgin sama na JFK, yana gyaran ƙananan motocin da ke jan kayan matafiya. Aiki ne mai inshorar asibiti da fansho, irin wanda iyaye mata ke ambata a gidan suna tun ba a tambaye su ba. Rana ɗaya ya ajiye shi. Ya haɗa kai da wani bakanike ɗan Damagaram mai suna Kadri, suka kama gareji a Hunts Point, wai za su riƙa tayar da tsofaffin motocin Amurka suna zuba musu sababbin kayan ciki.

Yaya Suweiba ta kira daga Kumasi. Ita ba ta faɗa, hukunci take yankewa. Macen da ta yi shekaru tana tuƙa tata a-kori-kurar daga Bawku zuwa Kumasi da lodin albasa, lokacin da maza ke rantsuwa cewa tuƙi yana hana mace haihuwa, ba ta buƙatar ɗaga murya. Ta ce ba ta sa wa wannan sana'a albarka ba.

Ishawu ya roƙe ta abu ɗaya. Ta bari ya gama mota ta farko, ta zo ta gani da idonta, ta shiga. In ta ce a'a bayan haka, zai mayar wa mai gareji makullinsa, ya koma JFK ya roƙi aikinsa. Ta ce ta ji. Sannan ta ce ya miƙa mini wayar, ta sanar da ni cewa ni na ɓata shi.

Motar tsohuwar Pontiac ce ta shekarar 1968, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. A wata gona a Pennsylvania suka samo ta, kaji sun mayar da kujerar bayanta wurin ƙwai. Ranar Asabar nakan kai musu shinkafa da wake in zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallo. Mutane suna son cewa ƙarfen zamanin da ya fi na yanzu. Na koyar da kimiyya kafin in zo ƙasar nan, kuma ban taɓa ganin tsatsa ta tambayi ƙarfe shekarunsa ba. Ƙasan motar duk ya ruɓe, har kana iya zura hannu ka taɓa siminti. Suka yanke, suka yi walda, suka ƙara mata wasu dogayen ƙarafa daga ƙasa.

"Waɗannan kuma na mene ne?" na tambayi Kadri.

"Bon," ya ce da guntun Faransancinsa, "Hajiya, mota mai rufi, rufin ne ke riƙe da ita. Wannan ba ta da shi. In muka sa mata sabon inji ba mu ɗaure ta daga ƙasa ba, murɗe ta zai yi kamar ana matse zane."

Injin sabo ne fil, silinda takwas, a cikin akwatin katako ya zo. Babu kaburata, wata 'yar kwamfuta ce ke auna masa mai, suka ɓoye ta inda ido ba ya kaiwa. Suka cire tsohon birki suka sa na zamani a ƙafa huɗu. Giya ta hannu, guda shida. Har da na'urar sanyaya ɗaki a motar da ba ta da ɗaki, abin da na tambayi dalilinsa sau biyu ban sami amsa mai gamsarwa ba. Daga waje kuwa komai na da ne, fitilu da sitiyari da madubi. Ishawu ya ce sana'ar ke nan: mai kallo ya ga tsohuwa, mai tuƙi ya ji sabuwa.

Duk zuwan da na yi, motar ruwan toka ce, don ba a kai ga fenti ba. Da aka zo fenti gwiwata ta tashi, na yi makonni ban sauka ba. Saboda haka ban ga launinta ba sai ranar da jirgin Yaya zai sauka, da Ishawu ya danna ham a ƙofar gida na leƙa ta taga.

Koriya ce. Kore mai duhu, da fararen kujeru, rufin a naɗe a baya.

A unguwarmu ta Aboabo, can Kumasi, masallaci yana da mota guda, tsohuwar a-kori-kura, koriya, a buɗe. Aiki ɗaya take yi, ɗaukar gawa zuwa maƙabartar Tafo. Ba a ɗaukar amarya a cikinta, ba a ɗaukar rago. In ta shigo layi, mata kan juya fuska. Ita ta ɗauki Malam Gariba, kuma tun da mata ba sa raka gawa, abin da Yaya ta gani na ƙarshe daga bakin ƙofa shi ne farin likkafani a bayan koriyar mota. Yara kuwa an kai su gidan maƙwabta ranar, don haka Ishawu bai gani ba.

Na sauko a hankali. Yana tsaye da tsumma a hannu yana goge abin da ba shi da datti.

"Anti, yaya kika gani?"

"Wa ya zaɓi launin?"

"Ba wanda ya zaɓa. Asalin launinta ke nan. Lambar fentin tana jikin motar, ita na bi."

"Uwarka ba za ta shiga ba."

Na gaya masa dalili. Ya yi dariya irin ta wanda bai so ya ji tsoro.

"Haba Anti. Ke da kika koyar da kimiyya? Camfi fa ke nan."

'Yan boko suna cewa camfi jahilci ne. Ni kuwa yawancin camfin da na sani, in ka tona, za ka tarar da mutum a kwance a ƙarƙashinsa. Na ce masa ya ari motar Kadri, ya bar wannan sai Yaya ta huta. Ya ce alkawari ya yi, da wannan zai ɗauko ta. Na ɗaura ɗankwalina da kyau na shiga, tun da ni ba mijina aka ɗauka ba.

A wurin ajiye motoci na JFK mutane suka kewaye ta. Direbobin tasi da ke jiran fasinja suka baro motocinsu, wani yana leƙa ƙarƙashi, wani yana ɗaukar hoto. Muka shiga muka fito da Yaya da akwatunanta biyu. Ta rungume ɗanta, ta ce ya rame, ta ce ni na tsufa. Tana cikin ba mu labarin abincin jirgi muka iso. Ishawu ya buɗe mata ƙofa.

Ta tsaya cik. Ta dubi motar daga gaba zuwa baya, ta dubi fararen kujerun, ta dubi mutanen da suka taru.

"Wa ya rasu?" ta ce.

"Mma, ita ce motar. Ita na gaya miki."

"Na gani."

"Tana da rufi fa. Tsaya ki gani." Ya danna wani maɓalli, baƙin tamfol ya taso daga baya a hankali ya rufe ta ruf. 'Yan kallo suka yi tafi.

"To, ka rufe makarar," in ji Yaya. "Ni dai da ƙafata na sauko daga jirgi." Ta juya ga direbobin. "A cikinku wa ke jin Hausa?"

Hannu uku suka tashi. Ta zaɓi wani dattijo, ta ce akwatuna su bi Ishawu tun da su ba su da rai. Na bi ta cikin tasi. Duk tsawon hanya, har muka haye gada muka shiga Bronx, koriyar motar na biye da mu. Direban ya kasa cire ido daga madubi.

"Hajiya, wannan da ke bayanmu, ɗanki ne ya haɗa ta da hannunsa?"

"Dubi gabanka, Malam," in ji Yaya. Ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba.

Kwanakin da suka biyo, Ishawu kan zo ya gaishe ta, ya zauna, ya tashi bai ci abin kirki ba. Kadri ya ba da shawarar a sake fenti. Ishawu ya ce kafin a kankare a sake, hutun Yaya ya ƙare, kuma ko an sake ta riga ta gani. Ya gaya mini ya nemo lambar tsohon shugabansa na JFK, bai dai kira ba tukuna. Na ce da Yaya yaron nan bai san komai game da motar masallaci ba. Ta ce ta sani, kuma rashin saninsa ma laifina ne.

Ranar Asabar da safe ta fito da mayafinta. Ta ce ta yi alkawarin gani da ido, abin da ta yi a filin jirgi kuwa ba gani ba ne. Za ta je garejin ta duba da kyau, ta ce masa a'a a gabansa, kowa ya huta. Muka hau bas.

Kadri ya taso da gudu yana goge hannu a wando. "Hajiya, barka da zuwa, ina gajiyar hanya? Bari in nuna miki hotonta ranar da muka kawo ta, wallahi kaji ne..."

"Ba hoto na zo gani ba, ɗana."

Motar tana tsakiyar gareji, rufin a naɗe. Yaya ta zagaya ta daga nesa, hannuwanta a baya, ba ta taɓa ba. Ta sa Ishawu ya buɗe mata wurin inji. Ta daɗe tana kallo.

"Ina kaburata?"

"Babu, Mma. Kwamfuta ce ke ba shi mai."

"In ta mutu a daji fa?"

"Ba daji za ta ba."

"Duk mota haka take cewa."

Ta zago ta gefen direba, ta miƙa wuya ta leƙa wajen ƙafa. Na ga fuskarta ta ɗan canza. Ta sake leƙawa.

"Kuloci ne wancan?"

"Ei, Mma. Ta hannu ce. Giya shida."

"Shida? Ina za a je da shida? Da huɗu na riƙa hawa tudun Gambaga da buhu arba'in." Ta yi tsaki. "An ce mini motocin ƙasar nan duk da kansu suke sa giya, ko akuya ma za ta iya tuƙa su."

"Ban da wannan."

Ta ci gaba da kallon sandar giyar. Ni kuwa ina zaune a kan tayata, bakina ya ƙi zama.

"Yaya, a motar masallaci, ina ake kwantar da mai tafiyar?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A baya mana."

"Na ce ko kin taɓa ganin an ba shi sitiyari."

Ta juyo ta harare ni, hararar da na sani tun muna yara. "Ke dai wannan bakin naki, boko bai gyara shi ba." Sannan ta miƙa hannu ba tare da ta dubi ɗanta ba. "Makulli."

"Mma, ba ki da lasisin nan ƙasar."

"Na ce maka titi zan hau? Wancan filin na bayanku, na wa ne?"

Filin na garejin ne, an kewaye shi da waya, manyan motoci kan kwana a ciki amma da rana fayau yake. Kadri ya ja ƙofar baya. Yaya ta tuɓe takalmanta ta miƙa mini, don ita ba ta taɓa tuƙi da takalmi ba. Ta ɗaure mayafi a ƙarƙashin haɓa, ta zauna, ta ja kujera gaba, ta yi bisimilla. Ishawu ya zagaya ya shiga kujerar fasinja.

Da injin ya tashi, kwanon rufin garejin ya amsa. Ta saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Kadri ya kawar da kai yana nazarin bango.

"Kulocinka ne," ta ce. Ta sake tayarwa.

A karo na biyu ta fita sumul. Ta zagaya filin a giya ɗaya, ta sa ta biyu, na ji ƙarar ta sauya. Ta sake zagayowa, gefen mayafinta na kaɗawa, Ishawu ya riƙe ƙofa da hannu biyu. Da ta nufo mu sai ta yi abin da ta saba yi wa a-kori-kurarta, wadda sai an yi wa birkinta famfo sau da yawa kafin ya kama. Ta taka da ƙarfinta duka. Motar ta kafe nan take, Ishawu ya tafi gaba har bel ya dawo da shi.

"Ei!" in ji Yaya. "Ba a yi masa famfo?"

"Ba a yi, Mma. Taɓawa kawai."

"Da ka faɗa."

Ta kashe injin, ta zauna hannuwanta a kan sitiyari, tana numfashi. Can ta shafa farar kujerar da tafin hannu, sau ɗaya, ta buɗe ƙofa ta ce in ba ta takalmanta.

"Birkin yana da kyau," ta ce tana sawa. "Kulocin ya yi tauri. Ba kowa ke da ƙafata ba. Sassauta shi kafin ka ba wani."

Ishawu ya fito ya tsaya a gabanta. "Mma, to maganar JFK fa?"

"In ka tafi JFK wa zai sassauta kulocin? Wannan?" Ta nuna Kadri da haɓa. "Allah ya yi albarka, ya tsare hannuwanku. Ta gaba kuwa ja za ka yi mata, ko da me aka rubuta a jikinta."

Ishawu ya durƙusa, Kadri ya ce amin har sau uku. Da muka tashi tafiya, Ishawu ya ce bari ya kai mu gida a motar. Yaya ta dubi kujerar fasinja, ta gyara mayafinta, ta tambaye ni ta wane gefen titi bas ɗinmu ke tsayawa.