Fatar Mahauta a Kan Gangar Lantarki

A Dapaong, a gidan haya na bayan tasha, Khairiya tana da ɗaki ɗaya, kuma rabin ɗakin ganga ce. Gangar lantarki ce, tsohuwa, wadda ta saya a Lomé a hannun wani mai kayan gwanjo: fayafayan roba biyar a kan ƙarafa, da mataki na ƙafa, da ƙaramin akwati mai fitar da sauti. Idan ta taso daga lise, makarantar sakandaren da take koyar da aikin lantarki, sai ta toshe kunnuwanta da abin sauraro ta zauna. Ita tana jin kiɗa ya cika duniya. Mutanen gida kuwa ƙwas-ƙwas kawai suke ji, kamar ana kakkaɓe tabarma.

"Madam, yau ma tabarma ta yi laifi?" in ji Zalia mai gidan, duk ranar da ta wuce ta ƙofar.

Khairiya takan ce, "Ta yi, Hajiya," ta ci gaba da abinta.

Ita 'yar Zangon Sokodé ce, 'yar Inusa mahauci. Mahautan Zango suna da takensu na kalangu, wanda ake kaɗa musu tun kakanni, kuma mutum ɗaya ya rage da ya san shi, tsoho Alidu. 'Ya'yansa duk sun bi manyan motoci, hannuwansa kuma sun kama rawa. Khairiya ta ɗauki sautin kalangunsa ta zuba a akwatinta, ta juya wayoyin matakin har ya zama in ta taka, murya ta hau, kamar an matse tsarkiya a hammata. Da haka ta koyi rabin taken. A nan Alidu ya tsaya.

"Sauran ba zan zuba shi a kan roba ba, jikata. Roba ba ta amsa hannu. Ki sa fata ki dawo. Ki kuma yi sauri, ni ba na jiran kowa yanzu."

Da hutun Afrilu ta je Sokodé, ta shiga kwata. Mahaifinta bai ɗaga kai ba. Tun ranar da ya ji 'yarsa mai takardar makaranta tana kiɗa, gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ta zaɓi fatun awaki biyu, ta biya kamar baƙuwa. Ta yi musu abin da ta taso tana gani a gidansu: ta shimfiɗa su, ta barbaɗe su da gishiri sosai, ta naɗe.

A Dapaong ta kankare gashin, ta ɓamɓare robar, ta ɗaure fata a kan kowane faifai, ta maida ɗan tagullan da ke jin bugu a ƙarƙashi. Ranar da ta fara bugawa sai da ta ajiye gular kiɗan ta riƙe baki. Fatar tana maido mata da hannu. Ta duba ɗakin, babu wanda za ta faɗa wa, sai ta sake bugawa.

Zafin Afrilu ya wuce lafiya. Da ruwa ya sauka, fatar ta fara gumi. Faifan hagu ya yi shiru, bayan kwana biyu na tsakiya ya bi shi. Ta canja waya, ta zargi akwatin, ta zargi wutar gari. Ranar Lahadi ta kwance komai. Tagullan duk sun yi kore, wayoyin suna marmashewa a yatsa, ruwa mai ɗanɗanon gishiri yana kwance a gindin kowane faifai. Saura kwana goma sha biyu a yi babban hutu.

Ta kira Alidu a waya. Ya saurara, sannan ya yi dariya har tari ya ƙwace masa.

"Gishiri! Kai, 'yar mahauci ba ta ɓuya. Fatar kasuwa kika yi, ta masu jima. Wa ya taɓa sa wa fatar ganga gishiri? Jiƙawa ake yi, a cire gashi da toka, a shanya."

"Ba ka faɗa mini ba, Kaka."

"Kin tambaya? Ku 'yan lise, kun san komai."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa cikin kayan har aka kira la'asar, sannan ta tashi ta tafi kasuwa. Ta sayi ɗanyar fata ɗaya. Mai sayarwa ya miƙa hannu ga buhun gishiri, ta riƙe masa hannu. Tagullan ne wahala, don babu mai sayar da irinsu a garin. Ta bi masu gyaran agogo da rediyo rumfa-rumfa, tana tonon matattun kaya, suna mata kallon mahaukaciya. Ta samo bakwai. Ɗaya ne ya amsa.

Fatar kuwa ta ƙi bushewa. Kullum da rana ta fito sai ta shanya, hadari ya taso ta baro aji da gudu ta kwashe. Daraktan makarantar ya yi mata magana sau biyu. Ta ce ta ji.

Faifai ɗaya ta kai Sokodé, da mataki, da akwati, duk a cinyarta tun daga tasha. Ta sami Alidu a kwance a zaure, ya rage kamar rabinsa. Aka jingina shi da bango. Ya shafa fatar, ya sunsuna ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"To. Wannan fata ce. Sa mini abin kunnen."

Ta kaɗa rabin da ta sani. Ya rufe ido. Inda ta tsaya, sai ya ɗora da baki, a hankali, yana nuna mata da haɓa inda za ta taka. Ta yi kuskure, ya ce sake. Ta yi sauri, ya ce, "Sa kike kora? Sake." Har azahar suna abu ɗaya. Mutane suna wucewa ta ƙofar zauren, suna ganin tsoho da waya a kunne da mace tana dukan fata marar ƙara, su girgiza kai.

Da ta kai ƙarshe sau uku ba tare da ya tsayar da ita ba, ya cire abin kunnen ya miƙa mata.

"Wannan jimlar ta ƙarshe ta gidanku ce. Ita ake kaɗawa in kakan ubanki ya shigo kwata. Bayansa ɗansa, bayansa Inusa."

Khairiya ta dubi hanyar kwata. Daga zauren ana hango rufinta.

"Wa zan kaɗa wa, Kaka? Ba zai saurara ba."

"Wannan ba ruwana. Ni dai na sauke nauyina." Ya zame ya kwanta, ya juya fuska ga bango. "In za ki fita, ja mini labule."

Ba ta fita ba. Ta sa abin a kunnenta, ta gyara zama, ta ɗauko taken daga farko.