Jan Zare a Ƙafar Dama

Ɗakin da yara suke atisayen alkafura wari yake yi, warin zufa da na tsofaffin katifun da ba a taɓa shanyawa ba. Duk ranar da na kai Auta, 'yar ƙanena da nake riƙo, a bakin ƙofa nake zama ina toshe hanci. Shekararta tara, kuma ba ta da buri sai a sa ta cikin yara shidan da za su je gasar alkafura. Koci ne zai zaɓa da kansa.

Kocin nan wani mai tumbi ne da usur a wuya, wanda zan iya rantsuwa ya shekara ashirin bai ɗaga ƙafa ta wuce matakala ba. Yana da tsarinsa. Ranar da yaro ya fara zuwa sai ya miƙa masa biro ya ce ya rubuta sunansa. Hannun da yaron ya karɓa da shi, a ƙafar wannan ɓangaren za a ɗaura masa jan zare, shi ke nan da ita zai riƙa tashi. Auta ta karɓa da dama. Har wani daɗi na ji a ranar, don bahaguwa aka haife ta, ni na san yawan dukan da sandar awon shagona ta yi wa 'yan yatsun nan kafin su saki cokali da biro.

Wata huɗu ina kallon yarinyar nan tana faɗuwa. Za ta taho da gudu, tana isa wurin tashi sai ta yi turus, ta sauya ƙafa, ta tafi a karkace ta zube. Shi kuwa yana kan kujera yana sakace, ya duba abin da ya ciro, ya goge a wando.

"Ke, ƙafa biyu gare ki ko huɗu? Sake!"

Sauran yaran su kwashe da dariya, don sun ga abin da yake so ke nan. Ni kuwa sai tsaki, har iyayen da ke kusa suka daina zama gefena.

Saura kwana biyu a yi zaɓen aka yi ruwa, kwatar gaban shagona ta cika. Ina kan keken ɗinki na hango Auta ta tsallake ta fit, ko tunani ba ta yi ba. Da hagu ta tashi. Na aike ta sayo maɓalli, ta tsallake da hagu. Na ce ba irinsa ba ne ta mayar, ta kuma tsallakewa da hagu.

Na ja ta lungun bayan shago, na shimfiɗa kwali.

"Manta da zaren nan. Yi min alkafurar yadda jikinki yake so."

Ta leƙa ta ga ba kowa, sannan ta sa hagu gaba. Ta juya tsaf kamar tayar keke, ta dire a tsaye. Sau biyar ta yi, ba ta ko girgiza ba.

Washegari na sami Koci yana cin wani abu mai maiƙo a kan katifar da yara ke kifa fuska.

"Koci, yarinyar nan da hagu take tashi."

"Da wane hannu take rubutu?"

"Dama, amma..."

"To, magana ta ƙare. Ke tela ce ko? Na taɓa zuwa na ce miki ga yadda ake sa hannun riga?"

"Da ka zo da na saurare ka, tunda kai ke sa rigar. Bahaguwa ce, mu muka juya ta."

Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Gobe ta tashi da wadda ta ga dama. Da ka ma, in tana so. Sau ɗaya dai kowa zai yi."

Ranar zaɓen ɗakin ya cika da iyaye, warin ya ninka. Na durƙusa na kwance jan zaren da hannuna, na damƙa mata.

"Hagu, kin ji? Kamar a bayan shago."

Ta gyaɗa kai. Aka busa usur, ta taho. Na ga hagun ta fita gaba, har na fara miƙewa. Sai ta ɗago ta dubi jama'a, ta dube ni, ta janye ƙafar ta sa dama. Ƙarar faɗuwarta har bakin ƙofa. Koci ko kallonta bai yi ba, ya kira na gaba a layi.

A hanya na kasa haƙuri.

"Me ya shiga kanki? Wata huɗu kina nema, kin samu kin zubar!"

Tana ɗingishi, ba ta yi kuka ba.

"Gwaggo, mutane na kallo."

"To sai me?"

"Ke kika ce in na ƙara sa hagu gaba a gaban mutane, kin fasa zama gwaggona."

Na tsaya cak a tsakiyar titi. Na tuna ranar, na tuna har rigar da nake yankawa. Duk ƙyamar da na yi wata huɗu ina tara wa mutumin can ta juyo kaina, na rasa inda zan tofar da ita.

Auta ta miƙo min jan zaren, da hannun dama, a ladabce, yadda na koya mata.